Tashar Bakin Layinmu

Litinin, bayan la'asar

Na dawo daga shago na tarar da Baba a zaune da kansa, abin da ya yi sati bai yi ba sai an tallafe shi. Jarida ce baje a cinyarsa, mai askin bakin layi ne ya kawo masa. Ya ɗora tabarau biyu a hanci, nasa da tsohon na Mama, ɗaya a kan ɗaya. Ni da nake aiki a shagon tabarau, ubana yana karatu da gilashi biyu kamar wanda ba shi da kowa. Na yi masa sabo har sau biyu, ya ce suna sa shi jiri.

"Auta, zo ki gani."

Taswirar jirgin nan ce da ake ta surutu a kai a rediyo, jirgin lantarki da aka ce za a yi ya haɗa garinmu da wancan birnin. Wai minti ashirin da biyar, maimakon rabin yini a cikin cunkoso. Jan layi ne doguwa da farare-fararen ɗigo, kowane ɗigo tasha. Baba ya dafe ɗaya da farce.

"Nan ina ne?"

"Bakin layinmu ne, Baba, wajen tankin ruwa."

"To. Wa yake aiki a ofishin masu jirgin?"

Na san wanda yake nufi. Yaya ne, injiniya ne a can tun bara, a bakin Gwaggo muka ji. Shekara shida ke nan bai taka gidan nan ba, tun rasuwar Mama. Bai kira Baba ba, Baba bai kira shi ba.

"Duk faɗin garin nan," in ji Baba, "ya rasa inda zai sa tasha sai ƙofar gidana. Yayanki bai iya magana ba, haka yake tun yana ƙarami. In ya yi laifi sai ki ga ya ɗau tsintsiya, ko ya gyara wani abin da ba a sa shi ba. Da hannu yake ba da haƙuri."

Ya ci rabin burodi da shayi, har ya nemi ƙarin sukari. Na ƙara masa.

Talata, da azahar

Na je asibiti na karɓo sakamakon hoton da aka yi wa Baba. Likita ya cire gilashinsa kafin ya fara magana. Hannun gilashin na hagu ya saki, ina ta kallonsa ina cewa a raina ɗan ƙaramin sukurudireba kawai yake buƙata, da a shago ne da tuni na gama. Ya yi ta magana. Ya nuna mini wani wuri a hoton da bakin biro. Daga ƙarshe ya ce a bar shi a gida cikin iyalinsa, a ba shi duk abin da ransa yake so, in akwai na nesa a sanar da su.

Na ce to. Na ce na gode. Na fito na manta jakata a kan kujera, sai da nas ta biyo ni da ita har bakin get.

Laraba, da safe

Na kira Yaya. Ta yi ta ringi har ta katse.

Alhamis, da yamma

Baba ya sa an buɗe ɗakin Yaya. Tun da Baba ya daina aikin kafinta yake tara guntayen katako a ciki, har ƙofar ba ta buɗuwa sosai. Ni da mai aski muka kwashe, Baba yana zaune a kujera yana ba da umarni kamar yana da lafiya: wancan a ajiye, wannan a ƙona, kada a ja a ƙasa. Ƙurar ta sa shi tari har sai da ya riƙe ciki, amma ya ƙi a mai da shi ɗaki.

Lissafinsa shi ne, in tasha ta zo, Yaya zai riƙa kwana a nan ya shiga jirgin safe ya tafi aiki. Matarsa da yara su zo ranar hutu. Har ya zaɓi inda za a shimfiɗa wa yaran, yaran da bai taɓa ganin ƙaraminsu ba.

Gwaggo ta zo ta same mu a haka. Ta kalli ɗakin, ta kalli ɗan'uwanta, ta ja ni kicin.

"Ke, me likita ya ce?"

Na gaya mata. Ta zauna a kan bokiti ta yi salati.

"Shi ya sani?"

"Bai tambaya ba."

"To wannan haukan jirgin fa? Ki gaya masa gaskiya mana, ai yaron nan ba shi yake yanka wa gwamnati hanya ba."

"Gwaggo, rabonsa da ya gama kofin shayi tun kafin a kwantar da shi asibiti. Jiya ya gama. Ke ki je ki gaya masa."

Ba ta je ba. Da za ta tafi ma har da ce wa Baba, "Yaya, ɗakin ya yi kyau." Duk mu ɗaya ne, matsorata.

Asabar, da hantsi

Na sake kira. Matarsa ce ta ɗauka, muryarta a sanyaye, tana ta gaisuwa ba ta son a zo kan magana. Wai ya fita duba aiki. Na ce ki gaya masa jikin Baba ne. Ta ce in sha Allahu. Ina jin ƙarar talabijin a bayanta, da tarin namiji. Na san tarin gidanmu.

Litinin, bayan azahar

Masu awo sun zo layinmu, su uku da riguna masu ƙyalli, da wata na'ura mai ƙafa uku. Sun shafa jan fenti a jikin tankin ruwa da bangon shagon aski, sun kafa turaku. Unguwa ta cika. Mai aski baki har kunne, wai zai fasa bango ya ƙara kujera biyu, ya sa madubi daga sama har ƙasa, don duk wanda ya sauka daga jirgi kansa ne farkon abin da zai tuna.

Baba ya ce a fitar da shi. Na ce rana. Ya ce, "Auta, ni na haife ki ko ke kika haife ni?" Aka fitar da kujera. Ya sa hularsa ta fita, wadda yanzu ta yi masa yawa tana sauka kan kunne.

Ya yafito babbansu da hannu. Mutumin ya zo ya rusuna.

"Ɗana yana ofishinku. Injiniya. Ka san shi?"

"Ƙwarai, Baba, mun san shi. Mutumin kirki."

Ko sunan bai tambaya ba. Na harare shi, ya kau da kai ya koma wajen na'urarsa. Baba kuwa ya juyo ya dube ni, irin kallon nan na ai na gaya miki.

Talata, da safe

Ya kwana yana amai. Na wanke zanin gado biyu kafin in fita. Na makara, mai shago ta dubi agogo ba ta ce komai ba, abin da ya fi faɗan ciwo.

Laraba, da yamma

A rediyo wani babban jami'i ya ce in an samu yadda ake so, jirgi zai fara jigila nan da shekara bakwai. Ina yanka lemo, na yi wuf na rage murya. Baba ya buɗe ido.

"Nawa ya ce?"

"Ya ce da sauri za a yi."

"Ai yayanki ba ya wasa da aiki."

Na cire batirin na ce ya mutu.

Zan rubuta wannan sau ɗaya in huta. Haushi nake ji. Shekara shida ni ce asibiti, ni ce kantin magani, ni ce wanki, ni ce ɗaga shi zuwa bayi. Maza biyu sun zo neman aurena sun gaji da jira sun tafi. Ba a taɓa cewa Auta da hannu take yin komai ba. Mutum yana can ko waya ba ya ɗauka, ɗigon tawada ɗaya a jarida ya wanke shi tas. Ina son Yaya ya zo, Allah ya sani, saboda Baba. Amma in na gan shi ban san abin da bakina zai yi ba.

Juma'a, bayan la'asar

Ya nemi guduma da ƙusa, wai ƙafar gadon Yaya tana rawa. Na kawo. Ya ɗaga gudumar ta rinjaye shi ta faɗi a ƙasa. Mutumin da ya yi kujerun rabin makarantun garin nan. Ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya ce in riƙe ƙusar shi ya nuna mini inda zan buga. Na buga a karkace. Ya ce ba komai, in yayanki ya zo ya gyara.

Lahadi, da safe

Ban kira ba yau. Na gaji da jin muryar matar nan ta kamfanin waya.

Talata, bayan azahar

An canja hanyar jirgin. Mai shago ce ta nuna mini a wayarta: wai ƙasar wajenmu tana da ruwa a ƙarƙashi, sun karkatar da layin ta bayan babbar kasuwa. Jan layin yana nan, ya lanƙwasa ya bar mu. Ɗigonmu babu.

Na nemi izini na kama hanyar gida, ina ta tsara yadda zan roƙi mutanen layi su rufa mini asiri. Ban kai ba. Mai aski ya riga ni, yana tsakar gidanmu da sabuwar jarida yana kumfar baki, wai an cuce shi, ya riga ya yi magana da magini. Na yi masa alama da ido, ko a jikinsa. Sai da ya gama zazzage komai ya lura da fuskata, ya ce "Au," ya sulale ya fita.

Baba ya karɓi jaridar. Ya sa tabarau biyun. Ya bi layin da farce tun daga wancan birnin har inda ya lanƙwasa, ya koma ya sake bi.

"Baba, sun ce ƙasar ce, wai akwai ruwa..."

"Ya fasa," in ji shi.

"Ba shi ba ne, Baba, manya ne suke..."

"Ya tuna abin da na ce masa, ya fasa. Yana da gaskiya." Ya naɗe jaridar ya miƙo mini. "Ki rufe ɗakin nan, ƙura tana shiga."

Laraba, da yamma

Bai ci ba.

Alhamis, da yamma

Bai ci ba. Ruwa ma kurɓa ɗaya. Na dafa shayi yadda yake so, na jiƙa burodi a ciki, na durƙusa ina roƙo kamar mai lallashin yaro. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ajiye." Fuskarsa tana bango. Gwaggo ta yi faɗa, ta yi kuka, ta tuna masa iyayensu, duk a banza. Nas ɗin layin baya ta zo za ta sa masa ƙarin ruwa, ya janye hannu.

Jan fentin yana nan a jikin tanki. Yara sun cire turakun suna wasa da su.

Asabar, bayan magariba

Na bar wa Gwaggo Baba na shiga motar safe zuwa wancan birnin, wajen Yaya. Ban gaya masa ba.

Hanyar tana nan yadda na san ta. Manyan motoci, hayaƙi, masu talla suna bin taga. Muka zo bayan gada, daidai gidan man nan, muka tsaya cak, ba gaba ba baya. Na sa kaina a kan gwiwa. Matar da ke kusa da ni ta zaci amai ne, ta ba ni leda.

A nan Mama ta cika. A kujerar baya ta motar Yaya, kanta a cinyata, shi yana ta danna hon kamar hon zai buɗe hanya. Baba ya ce a bar ta a asibitin kusa da gida, Yaya ya dage sai babban asibitin can, inda ƙwararru suke. Abin da Baba ya faɗa masa washegari a tsakar gida, a gaban masu gaisuwa, ba zan rubuta shi ba. Kalma huɗu ce ko biyar. Yaya ya sa takalminsa ya fita, ya sayar da motar a satin.

Na isa gidansa rana ta take. Shi ya buɗe ƙofa. Ya yi furfura a gemu, ya yi ƙiba, kuma kamarsa da Baba ta fito sarai. Matarsa ta kwashe yara ta shige ciki.

"Auta. Lafiya?"

"Da lafiya za ka gan ni? Tashar nan ta bakin layinmu, kai ka sa ta?"

"Wace tasha?"

Na zaci rainin hankali ne. Na ciro jaridu biyun na baje masa a tebur. Ya duba, ya sake dubawa.

"Wallahi ban ma san ta biyo ta nan ba. Ni magudanan ruwa nake zanawa, na ɓangaren nan. Tasoshi wani ofis ne daban, ko a hawan bene ɗaya ba ma zama."

Na yi dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji. Na gaya masa komai, da ɗakin, da gadon, da hular, da mai awo. Na ce uban da ya haife ka yana can ya daina cin abinci saboda tashar da ba ka san da ita ba. Ya zauna a hannun kujera yana murza yatsunsa.

"Ba zan iya bin hanyar nan ba, Auta. Na gwada. Sau biyu ina sauka kafin gada in juyo. Na ce in jirgin ya fara..."

"Ni ta sama na biyo? Ni ba a cinyata ta mutu ba?"

Ya kau da ido.

"Shekara bakwai suka ce, Yaya. Baba ba shi da sati bakwai."

Yau ne na fara faɗinta da bakina. Da ta fita sai na zauna a ƙasa a falon mutane ina kuka da majina. Ya kawo mini ruwa, ya tsaya a kaina da kofin.

Da zan fito na ce, "In Allah ya sa ka zo, ka ce masa kai ka sa ta, manya suka cire. Abin da nake roƙonka ke nan."

"Kin san ban iya ƙarya ba."

"Ka koya. Ni ma a sati uku na koya."

Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Ya raka ni tashar mota ya tsaya daga nesa da motocin.

Lahadi, da azahar

Gwaggo ta ce jiya ya tambaya ina na je, ta ce masa shago. Ya ce Asabar rabin yini ake yi. 

Litinin, da yamma

Duk motar da ta tsaya a layi sai na leƙa. Mai gas ne. Mai kai yara makaranta ne.

Talata, da yamma

Leɓɓansa sun tsage. Ina jiƙa auduga ina shafa masa. Ya ce mini sannu.

Laraba, bayan la'asar

Ya zo.

Da hantsi ina shanya a tsakar gida na ji sallama, muryar da na sani. Ba jaka, ba komai a hannunsa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, fuskarsa ta yi fari fat kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Na nuna masa ɗakin da haɓa. A bakin ƙofa na kama hannun rigarsa na ce a hankali, "Ka tuna abin da na roƙe ka." Bai dube ni ba.

Ya cire takalmi ya shiga ya durƙusa a gefen gado.

"Baba, ina kwana. Ya jiki?"

Baba ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya juyo da kansa a hankali, ya ƙura masa ido. Ba murna a fuskarsa, ba fushi.

"Me ya sa ka cire ta?"

Ina tsaye a bakin ƙofa ina addu'a a zuci, ka faɗa, ka faɗa mana.

"Ban cire ta ba, Baba. Ban kuma sa ta ba. Ni magudanan ruwa nake zanawa. Sai da Auta ta zo na san da ita."

Da akwai abu a hannuna da na jefe shi da shi. Na ga ƙirjin Baba ya ɗaga ya sauka. Na ce shi ke nan, ya ƙarasa shi.

"Ba kai ba ne."

"Ba ni ba ne."

Fanka tana ta juyawa. Gwaggo ta fito daga kicin ta tsaya a bayana, ta riƙe mini kafaɗa.

"To ta ina ka biyo?"

"Ta hanyar."

"Ta gada?"

"Ta gada."

"Ka wuce wurin?"

Yaya ya sunkuyar da kai. "Na sauka a wurin. Na zauna a bakin gidan man har rana ta fito sosai. Sannan na shiga wata motar."

Baba ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta gefe ya shiga kunnensa. Na jira ya janye maganar nan ta shekara shida, na jira Yaya ya ce wani abu.  Sai na ga Baba yana ƙoƙarin jan ƙafafunsa, ƙafafun da ni nake ɗaga masa kullum. Da ƙyar ya matsar da su wajen bango, ya bar ɗan fili a bakin katifa.

"Tashi daga ƙasa," in ji shi. "Zauna nan."

Suna nan har yanzu. Ba na jin magana, sai tarin ɗaya in ya lafa na ɗayan ya ɗauka.

Alhamis, da safe

Na dafa shayi na kai, kamar jiya, kamar shekaranjiya. Baba ya girgiza kai. Yaya ya karɓi kofin daga hannuna, ya tallafo kan Baba ya kai masa baki.

Ya sha rabi.

Na ce alhamdulillahi, da gaske na faɗa. Na karɓi kofin na kai kicin, na rufo ƙofa, na buɗe famfo har ƙarshe don kada su ji ni.